Vardy ya samu tsani, 'yan wasanmu na Sakkwato fa?

Daren Asabar, bayan an tashi daga gidan kallon ƙwallo a Mabera, na zauna wajen mai shayi ina sauraren hirar matasa. Cikinsu akwai wani yaro da duk unguwar ta san shi. Da rana yana tuƙa keke Napep, da la'asar yana buga wa ƙungiyar unguwa gaba, kuma duk gasar da aka sa da wuya a tashi wasa bai zura ƙwallo a raga ba. Wani dattijo ya tambaye shi shekarunsa, ya ce ashirin da huɗu. Sai dattijon ya girgiza kai ya ce masa, "Ɗana, ai ka makara. Ko dai ka samu mai rage maka shekara shida a takarda, ko ka haƙura da wanga abu ka riƙe kekenka." Kowa ya ce gaskiya Baba ya faɗa. Yaron ya sunkuyar da kai bai ce komai ba.

Maganar ta ɓata mini rai, domin mutanen nan da suka gyaɗa kai su ne waɗanda ke ba da labarin Jamie Vardy, ɗan wasan gaba na Ingila, da sha'awa duk lokacin da aka tayar da zancen Leicester. Sun san tarihinsa kamar su suka raine shi. Amma ba wanda ya tuna cewa lokacin da Vardy yake da shekara ashirin da huɗu, ko ƙwallo ɗaya bai taɓa bugawa a gasar ƙwararru ta Ingila ba.

Ra'ayina shi ne yaron nan bai makara ba. Abin da Vardy ya samu, shi kuma ya rasa, tsani ne mai matakai a jere, wanda in ka taka ɗaya da kyau za a ga ƙafarka a miƙo maka na gaba. Mu a nan muna da matakin ƙasa, wato filayen unguwa, muna kuma hangen na can sama a talabijin, tsakiyar ce babu. Gyara tsakiyar nan ya fi kusa da hannunmu fiye da yadda muke zato.

Inda Vardy ya taso

An haife shi a Sheffield a 1987. Ƙungiyar Sheffield Wednesday ta sallame shi yana da shekara 16, aka ce ya yi ƙanƙanta. Ya koma Stocksbridge Park Steels, wadda lokacin take mataki na takwas a jerin gasannin Ingila, ana biyansa fam 30 a mako. Da rana yana aiki a masana'antar da ke haɗa kayan tallafe ƙafar marasa lafiya, da yamma ya je atisaye.

A 2010 FC Halifax Town ta ɗauke shi, a mataki na bakwai. Suka lashe gasarsu. A 2011 Fleetwood Town, wadda lokacin take mataki na biyar, ta saye shi, ya ci ƙwallo 31 a gasar a kaka ɗaya, su ma suka ɗauki kofi. A watan Mayun 2012 Leicester City, wadda lokacin take mataki na biyu, ta biya fam miliyan ɗaya ta ɗauke shi yana da shekara 25. Ba a taɓa biyan irin wannan kuɗi kan ɗan wasan da ke wajen gasannin ƙwararru ba.

Kakarsa ta farko a Leicester ba ta yi kyau ba, har ya yi tunanin barin ƙungiyar, koci Nigel Pearson da mataimakansa suka lallashe shi. Sai da ya kai shekara 27 ya fara buga Firimiya. Sauran kowa ya sani. A ƙarshen 2015 ya ci ƙwallo a wasa 11 a jere, ya karya tarihin Ruud van Nistelrooy, a 2016 suka ɗauki kofin Firimiya ƙarƙashin Claudio Ranieri. Ya karɓi takalmin zinare a 2020 da ƙwallo 23 yana da shekara 33, suka ci kofin FA a 2021 tare da Ndidi da Iheanacho. Ya bar Leicester a 2025 da ƙwallo 200 a wasa 500.

Ku duba tafiyar nan da kyau: takwas, bakwai, biyar, biyu, ɗaya. Ko'ina ya tsaya akwai gasa mai jadawali, akwai alƙalan wasa, akwai mai rubuta wanda ya ci ƙwallo, akwai kuma ƙungiyar da ke sama tana leƙen ta ƙasa.

"Ai rabonsa ne"

Wannan ce amsar farko da ake ba ni. Na yarda da rabo, babu Musulmin da zai yi jayayya da ƙaddara. Amma manomin Wurno da ya yarda rabonsa na wurin Allah bai fasa shuka albasa ba, kuma bai fasa neman motar da za ta kai ta kasuwa ba.

Leicester ba ta tsinci Vardy a hanya ba. A lokacin tana da ma'aikata waɗanda aikinsu kawai shi ne zagaya ƙananan filaye suna kallon 'yan wasa, ƙarƙashin Steve Walsh. Su ne suka gano Riyad Mahrez a Le Havre, a rukuni na biyu na Faransa, suka kuma ɗauko N'Golo Kanté daga Caen. Sun je kallon Vardy ne saboda alƙaluman ƙwallayensa suna rubuce, kowa na iya dubawa. Har a kofin FA an gan shi, lokacin da Fleetwood ta haɗu da Blackpool wadda ta fi ta mataki nesa, ya zura musu ƙwallo duk da an doke su.

Yanzu ku gaya mini, ƙwallo nawa gwarzon unguwarku ya ci bara? Za a ce muku "da yawa". In mai horar da Kano Pillars ko Katsina United ya tambaya, "da yawa" ba amsa ba ce. Babu takarda, babu bidiyo mai kyau, babu jadawalin da zai ce masa ranar kaza za a yi wasa a fili kaza ka zo ka gani da idonka.

"Ingila kuɗi gare su"

Gaskiya ne, kuma ba zan ce Sakkwato za ta yi gogayya da Ingila a kuɗi ba. Amma kuɗin Firimiya ba su ne ke riƙe da mataki na takwas ba. Ƙungiya irin Stocksbridge 'yan sa-kai ne ke tafiyar da ita, 'yan kallonta ɗaruruwa ne kawai, su ke biyan kuɗin ƙofa. Fam 30 a mako a Ingila ko cefane ba zai yi ba. Abin da suke da shi shi ne tsari da ba ya canzawa: ana fara kaka a lokacinta, ana gama ta a lokacinta, wanda ya zo na ɗaya ya hau, wanda ya zo ƙarshe ya sauka.

A takarda mu ma muna da irin wannan. Akwai NPFL, babbar gasar Najeriya, a sama mai ƙungiya 20, sai NNL, gasar mataki na biyu, a ƙarƙashinta, sai NLO ta mataki na uku, sannan gasannin jihohi. Sokoto United ta daɗe tana fafutuka a ƙasa da babbar gasa, filin Giginya kuma yana nan a tsakiyar gari. Matsalar ita ce daga filin unguwa zuwa Giginya babu hanya tabbatacciya. Mafi yawan gasannin da yaranmu ke bugawa kofin wani ɗan siyasa ne ko na tunawa da wani babba. Ana sa su in zaɓe ya matso, a yi mako uku ana fitar da wanda aka ci, a raba kyauta a ɗauki hoto, shi ke nan sai wani lokaci. Ƙungiyar da aka fitar a zagayen farko wasa ɗaya ta buga. Ta yaya ɗan wasan gaba zai nuna kansa da wasa ɗaya?

Ban raina masu sa kofunan nan ba, Allah Ya saka musu. Amma kuɗin da ake kashewa a bikin rufe gasa ɗaya, da rumfuna da kujeru da masu kiɗa, zai biya alƙalan wasa na watanni a gasar da kowa zai kara da kowa gida da waje.

Kuma mun taɓa ganin amfanin tsari a garin nan. Sakkwato ta yi suna a ƙwallon hannu a faɗin Najeriya, kuma duk wanda ya san tarihin abin ya san daga makarantu aka ɗauko shi, aka riƙa horar da yara shekara da shekaru ba yankewa.

Maganar shekaru

Nan ne abin ya fi yi mini ciwo, domin shawarar da ake ba yaranmu shawara ce ta yin ƙarya, kuma manya ne ke ba da ita ba tare da jin nauyi ba.

Mun san daga inda ɗabi'ar ta samo asali. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Victor Osimhen da ƙwallo 10 ɗin da ya ci a Chile a 2015 ya samu hanyar Turai. Sai kowa ya ɗauka ƙofa ɗaya ce tak: ka shiga tawagar matasa, Turawa su gan ka, ka tafi. Wanda ya wuce shekarun ƙofar sai ya je a yi masa sabuwar takardar haihuwa.

Mun kuma sha kunyar wannan. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa saboda saɓanin shekarun wasu 'yan wasa. Daga 2009 aka fara gwajin ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, domin gano shekarun 'yan wasa. A 2016 'yan wasa fiye da ashirin na tawagarmu ta 'yan ƙasa da 17 suka faɗi gwajin ana gab da karawa da Nijar, maƙwabtanmu kuma suka fitar da mu.

Rage shekaru zalunci ne ta fuska biyu. Mai shekara 24 da ya koma 17 ya ƙwace gurbin yaron gaske mai shekara 17, wanda ba zai iya ture shi a fili ba. Shi kansa kuma ya cuci kansa, domin lokacin da takarda za ta ce yana ganiyarsa, gwiwoyinsa sun riga sun gaji. Sau nawa muka ga tauraron gasar matasa ya ɓace bayan shekara uku, ana ta tambayar ina ya shiga?

Ɗan wasan gaba kuwa ba tsere kaɗai yake yi ba. Sanin inda ƙwallo za ta faɗo, natsuwa a gaban gola, iya yaudarar mai tsaron baya da motsin kafaɗa, duk waɗannan sai an buga wasanni masu yawa ake samunsu. Ian Wright yana gab da cika shekara 22 Crystal Palace ta ɗauko shi daga ƙaramar ƙungiya a 1985, ya zo ya ci wa Arsenal ƙwallo 185.

Ba sai mun je Ingila ba ma. Rashidi Yekini a Kaduna aka haife shi, a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara. Ya bi ta Shooting Stars ta Ibadan da Abiola Babes, ya je Africa Sports ta Abidjan, sai a 1990 ya isa Fotugal, a ƙungiyar Vitória Setúbal. Ya buga da ita a rukuni na biyu, ya taimaka ta hau, sannan ya fi kowa cin ƙwallo a babbar gasar ƙasar da ƙwallo 21 a kakar 1993/94. Yana da shekara 30 ya zama gwarzon Afirka a 1993, ya kuma ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a kofin duniya a ragar Bulgeriya a 1994. Har yau ƙwallo 37 ɗin da ya ci wa ƙasa ake kwatance da su. Da Yekini ya saurari masu cewa ya makara, da ba mu ga hannayensa riƙe da raga yana murnar ƙwallon nan a Amurka ba.

Ahmed Musa ma ta gasar gida ya bi. Daga Jos ya zo Kano Pillars, ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya ya fi kowa a gasar Najeriya, daga nan VVV-Venlo ta Holan, sai CSKA Moscow, a 2016 kuma ya je Leicester suka yi wasa tare da Vardy ɗin kansa. Sadiq Umar ɗan Kaduna ya sha yawon aro a Italiya ba a ga komai ba, sai da ya je Partizan, sannan ya sauka rukuni na biyu na Sifaniya, a Almería, ya zazzaga ƙwallaye har Real Sociedad ta saye shi a 2022. Namu na gida, Shehu Abdullahi, duk da ba ɗan gaba ba ne, haifaffen Sakkwato ne. Sai da ya bar jihar ya je Kano Pillars kafin ƙasa ta san shi, ya samo tagulla a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya je kofin duniya a Rasha a 2018. Tambayar da ya kamata ta dame mu ita ce mutum nawa irinsa ba su samu kuɗin motar zuwa Kano ba.

"Mutum nawa ne suka zama Vardy?"

Wannan tambayar iyaye ce, kuma ita ce mafi nauyi. Uba ya ga ɗansa ya kai munzalin aure, sa'o'insa suna kasuwa ko sun gama Jami'ar Usmanu Danfodiyo, shi kuma kullum yana fili da gajeren wando. Yana da hakkin ya ji tsoro. Cikin dubban da ke buga ƙananan gasanni a Ingila, Vardy ɗaya ne, kuma duk wanda ya gaya wa yaro cewa lallai zai zama shi ya yaudare shi.

Amma ku lura da abu guda a labarin. Vardy bai ajiye aikin masana'anta ba sai da ƙwallo ta fara ciyar da shi. Tsarin da ya taso a ciki an gina shi ne don ma'aikata, atisaye da yamma, wasa a ƙarshen mako. Ba a ce masa zaɓi ɗaya tsakanin sana'a da fili ba.

Abin da nake nema wa yaranmu ke nan. Tela ya yi ɗinkinsa, mai gyaran waya ya buɗe shagonsa, ɗalibi ya je aji, bayan la'asar in rana ta yi sanyi a haɗu a fili, ranar Asabar a buga gasa ta gaske. Wanda ya yi fice ya hau, wanda bai yi ba bai rasa komai ba, yana da sana'arsa da lafiyar jikinsa. Kuma ba dole sai Turai ba. Ɗan wasan da ya samu gurbi a NPFL yana karɓar albashi ya riƙe gidansa, wannan ma nasara ce.

Haɗarin da iyaye suka kamata su ji tsoro yana wani wuri daban. Rashin hanya a gida shi ke jefa yara hannun dillalan bogi. Wani zai zo da hotuna a waya, ya ce akwai gwaji a Turkiyya ko Dubai, a kawo miliyan kaza na biza da tikiti. A sayar da gona ko filin gado. Yaro ya isa can ya tarar babu ƙungiyar da ta san da zuwansa, ko kuma dillalin ya kashe waya tun kafin a kai filin jirgi. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke biyan kuɗin tafiyarsa. Ƙa'idar FIFA ma ta hana sayar da yaro ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan.

Abin da ke hannunmu

Na san za a ce aikin gwamnati ne. Tana da nata kason, musamman gyaran filaye da biyan 'yan wasan ƙungiyar jiha hakkinsu a kan lokaci. Sai dai ƙungiyar da ke jiran gwamnati kaɗai tana rayuwa ne da sha'awar wanda ke kan kujera, in ya tafi ta kwanta.

Mu 'yan kallo fa? Muna biyan kuɗi mu cika benci a gidan kallo, a cikin zafin watan Afrilu, fanka ɗaya ga mutum ɗari, don mu ga Arsenal da Chelsea. Wasu har gaba suke yi da juna a kan ƙungiyoyin da ba su san akwai gari mai suna Sakkwato ba. Ban ce a daina ba, ni ma ina kallo. Amma da kashi ɗaya cikin goma na mutanen nan za su riƙa zuwa Giginya su biya kuɗin ƙofa ranar wasan gida, da 'yan kasuwar garin nan sun fara neman a sa sunan shagunansu a rigunan 'yan wasa.

Masu ƙungiyoyin unguwa kuma su yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, su yi wa kowane yaro rajista da shekarunsa na gaskiya. Akwai kuɗi a cikin wannan da yawancinsu ba su sani ba. A ƙa'idar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Kocin da ya sha rana yana saya wa yaro ruwan leda da takalmi daga aljihunsa, in babu takardar da ta nuna yaron nasa ne, ko sisi ba zai gani ba. In kuma an rage wa yaron shekara shida, shekarun da ya yi a hannun kocin na iya gogewa daga lissafi.

Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 23. Wasu yankunan gabas, irin su Isa da Sabon Birni, matsalar tsaro ta sa tafiya ta yi wuya, wannan ba a ɓoye yake ba. To a fara da inda za a iya: cikin gari, Wamakko, Bodinga, Kware, Dange Shuni, Yabo, Tambuwal. A yi rukuni biyu, mai hawa da sauka, a fara bayan damina a gama kafin zafi ya tsananta, a tsallake watan azumi. Kowane mako hukumar ta fitar da teburin gasa da jerin masu cin ƙwallaye, ta sa a Facebook, a karanta a gidan rediyon Rima. Wasan ƙarshe na kaka kuma a gayyato masu horar da ƙungiyoyin NNL da NPFL na Arewa su zauna su kalla, a miƙa musu takardar da ke nuna sunan kowane ɗan wasa da shekarunsa da yawan wasannin da ya buga da ƙwallayen da ya ci.